Abin da Hula ta Rufe

Birikiteri, Yawunde
Damina ta uku da isar jirgin ƙasa Gaundare

Zuwa ga ƙanwata Ma'u a Gombe,

Malam Garga mai rubuta mini takarda ya so ya sa kwanan watan Nasara a sama. Na ce ya sa abin da mutane za su tuna. Kowa a unguwar nan ya san shekarar da jirgi ya kai Gaundare, shanu suka daina zuwa da ƙafa suka koma zuwa cikin taragu. Ni da ke kuwa muna da dalilin tuna ta fiye da kowa.

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ke da maigidanki da 'yarki Safiyatu kuna lafiya. Ni lafiya lau, sai gwiwa, ita ma tsufa ne. Ruwa ya yi yawa bana, kwata ta cika har ƙofar masallaci.

Bayan haka, ki zauna kafin Safiyatu ta ci gaba da karanta miki. Ɗanki Lado, da nake riƙo, yana kurkuku. Ƙasimu mai tsire, ɗan Zinariya, ya rasu, kuma a hannun Lado ya rasu.

Da la'asar ne, a tukubarsu ta hanyar Mokolo. Ƙasimu ya je alwala, ya dawo ya tarar nama ya ƙone Lado na tsaye a kai. Ya yi dariya ya ce, "Kai Lado, hancin nan naka ado ne?" Ya kai hannu ya ture masa hula, irin wasan da suke yi tun suna wasan ƙasa. Wuƙar yanka nama tana hannun Lado. Sau ɗaya ne, ƙarƙashin haƙarƙari. Waɗanda suka gani sun ce ya ɗauki hularsa ya mayar, ya wanke wuƙar, ya ci gaba da fifita wuta. Da jandarmomi suka zo, tambayarsu ya yi tsinke nawa za a ba su.

Mun kai Ƙasimu makwancinsa. Ni na yi wa su biyun askin suna, da aska ɗaya, a damina ɗaya.

An kira ni komisariya, ofishin 'yan sanda. Komisar ya tambaye ni ta bakin tafinta, wai yaron nan mahaukaci ne? Ma'u, tun kafin a haife shi ake yi mini wannan tambaya a Birikiteri. Duk mai neman aure, kafin ya kai goro, kan tabarmar askina yake fara zama, ya sunkuyar da kai ya ce, gidan wane fa, akwai hauka, akwai kuturta? Don ni na aske kawunansu da na iyayensu, na san abin da ke kowane gida. Saboda haka na ba komisar amsar da ta dace. Na jero masa kakanninmu tun daga wanda ya baro Bauci da jakuna, na ce duk cikinsu ba wanda ya taɓa yaga riga ko ya jefi mutane. Babu hauka a gidanmu, lafiyar yaro ƙalau kamar ni. Aka rubuta, na dangwala yatsa.

Na faɗa miki wannan ne don hankalinki ya kwanta ta gefe ɗaya. Maganar auren Safiyatu ba abin da zai taɓa ta. Ki yi addu'a.

Yayanki,
Mijinyawa Wanzami

*

Gombe

Zuwa ga Yaya Mijinyawa,

Ina gaishe ka, ina gaida gwiwa, Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya. Takardarka ta daɗe a hanya, da ma ba ta iso ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, shekarar da sa ya buge yaronka a tashar jirgi, ka aiko mini cewa ya warke sarai, har ya koma aiki. Na yi sadakar waina, na gode wa Allah. Yau kuma ka ce lafiyarsa ƙalau kamar kai. To in haka ne, mai lafiya ne ya soke amininsa don an taɓa masa hula. Mai lafiya ne ya wanke wuƙa ya koma fifita, ɗan mutane na kwance a ƙasa. Na juya maganar nan ta kowace fuska, amsa ɗaya nake samu: mugu na haifa.

Na ba ka shi yana ɗan yaye. Ban taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, yanzu kuwa na sami wani dalilin. Na sallama wa hukuma shi, ta yi abin da ta ga dama. Kada ka wahalar da ƙafarka.

Ka je ka yi wa Zinariya gaisuwa a madadina. Ita ta riƙe ni ranar haihuwar nan, ita ta yanke cibi. Ban san da wane baki za ka faɗa ba, amma ka faɗa.

Ka kyauta da ka kare sunan gida. Yaron da ke neman Safiyatu sunansa Maliki, malamin makaranta ne, tana son sa yana son ta. Dattawansa mutanen kirki ne amma akwai bin diddigi. Sun ce a ɗaura aure bayan kaka.

Ƙanwarka,
Ma'u

*

Birikiteri

Ma'u,

Gaisuwa. Gwiwa tana nan. Na sa Garga ya maimaita mini takardarki, na ce ko ya tsallake wani layi. Bai tsallake ba.

Ke, ni na ce miki mugu ne? Cewa na yi babu hauka a jininmu, kuma ko gobe haka zan ce. Hauka gado ne. Abin da ke kan yaron nan rauni ne, na san ranar da ya shiga.

Da na ce ya warke, fata nake nufi. Ki saurara. Ranar da aka buɗe tarago, wani bajimi da ya sha zafin ƙarfe tun daga Gaundare ya fito ido rufe, ya haɗa kan Lado da ƙyauren ƙarfe. A kan buhu aka kawo mini shi. Ban kai shi lopital, asibitin Nasara, ba, an ce can tsaga kai suke yi. Na aske wurin, na sa ƙaho na janye mataccen jini, bayan kwanaki ya buɗe ido. Fata ta haɗe. Amma ƙashi ya lotsa a saman goshi ta hagu, kwarmin da babban yatsana ke zama ciki daidai. Na saya masa hula mai zurfi, kuma tun ranar ni kaɗai nake yi masa aski, cikin ɗaki.

Wanda ya tashi daga tabarmar nan da muryar Lado ya tashi, da tafiyarsa. Amma yaron da ba ya ɗaga ido gaban babba ya koma sa hannu a akushin liman. Ya yi dariya a wurin jana'iza. Hancinsa ya mutu, ba ya jin turare ba ya jin ƙauri, shi ya sa naman nan ya ƙone a gabansa. Fushi kan zo masa kamar an watsa wa wuta kananzir, kafin ka juya ya wuce, ya tambaye ka me ya sa kake kallonsa. Masu shanu suka sallame shi. Ƙasimu ne ya ce ya zo tukuba. Na ce masa, "Ƙasimu, ka dai ga yadda yake." Ya ce, "Baba Wanzam, na gani. Lado na gaske yana cikin tarago bai sauko ba tukuna, wuri nake riƙe masa."

Gwamnati ta ba shi afoka, wato lauya, wani yaro mutumin kudu, mai haƙuri, yana ɗan jin Fulatanci. Har tabarmata ya zo. Ya ce mai tuhuma na cewa Lado shirya kisan ya yi, don an gan shi yana wasa wuƙa da safe. Na ce wane mai tsire ne ba ya wasa wuƙa da safe? Ya ce ya sani, amma takardar da ta fi nauyi a teburin alƙali tawa ce: uban riƙonsa da kansa ya dangwala yatsa cewa lafiyarsa ƙalau. In ta tsaya a haka, harbi ne. In kuwa na tashi a tiribinal, gaban alƙali, na ce hankalinsa ya taɓu, na nuna raunin, likita ya duba, to watakila asibitin masu taɓin hankali, watakila shekaru. Watakila ya ce, bai yi alkawari ba.

Na ce masa ai rauni daban hauka daban. Ya ce alƙali ba ya tambayar ta inda abin ya shigo, ta jini ko ta ƙahon sa. Abin da yake tambaya ɗaya ne, ranar nan yaro yana cikin hankalinsa ko ba ya ciki.

Kin san mutanenmu. Rabin Birikiteri za su cika bencina. Ba mai cewa sa ne, cewa za a yi gidan Mijinyawa akwai hauka, shi da bakinsa ya faɗa. Kafin motar goro ta kai Gombe maganar ta riga ta.

Ga kuma abin da ke hana ni cin abinci. Ya wanke wuƙar, Ma'u. Wanda bai san abin da ya yi ba, me zai wanke? Garga ya ce hannu ne ya saba. Allah ne masani.

Na kai masa tuwo. Ya ci, ya suɗe hannu, ya ce, "Baba, Ƙasimu fushi yake da ni? Bai zo ba." Na gaya masa. Ya yi kuka kamar ransa zai fita, sai da masu gadi suka riƙe shi. Da na koma ranar Jumma'a ya sake tambayata.

Na isar da gaisuwarki. Zinariya ta amsa, sannan ta ce, "Sarkin aska, na ji afoka na zuwa wurinka. In kun ce ba ya cikin hankalinsa, to wa ya kashe mini ɗa? Sa? Ku kawo mini san in gan shi." Na ɗauki takalmana na fito.

Ke ce uwar su biyun, Lado da Safiyatu. In na yi shiru, ɗaya ya tafi. In na yi magana, na ɓata wa ɗaya aure, kuma ba lalle in ceci ɗayan ba. An sa shari'a bayan Babbar Salla. Ki ba ni amsa.

Mijinyawa

*

Birikiteri

Ma'u,

Gaisuwa, da barka da Salla. Lafiya muke.

Salla ta wuce, ba takarda. Na je gidan waya har ma'aikacin ya daina ɗaga kai in ya gan ni. Na tare direbobin Garwa ɗaya bayan ɗaya. Shiru ma magana ce, na ji ta. Kin zaɓi wadda ke gabanki, wadda ba ta yi wa kowa komai ba. Ba na ganin laifinki. Zan tsaya a kan abin da na dangwala, ban taɓa sauya magana ba tun da nake.

Afoka ya zo nemana, na sa aka ce na tafi unguwar Tsinga aski. Ina ɗaki ina jin sa.

Gashin yaron ya yi yawa, ƙwarƙwata ta kama shi. Masu gadi sun so su aske shi, na durƙusa na roƙe su su bari. Ni da ban taɓa ganin kai da suma na wuce ba. Yana ta susa yana kallona, ya ce, "Baba, ka manta zabira ne?" Na ce na manta.

Shari'a saura kaɗan. Ba sai kin amsa wannan ba.

Mijinyawa

*

Gombe

Yaya,

Ina gaishe ka a tsaye, direban da zai kawo wannan yana jira a ƙofa. Lafiyata ba daɗi amma ba ita ce magana ba.

Ba shiru na yi ba. Takardarka ta kafin Salla ta zo ina kwance da zazzaɓi. Safiyatu ta buɗe ta karanta ita kaɗai, ta ninke ta sa ƙarƙashin kayanta, ta ce mini gaisuwa ce kawai. Sai da ta ƙarshen nan ta zo, tana karantawa ta kai wurin ƙwarƙwata, sai ta tsaya. Ta tashi ta ɗauko waccan ta ajiye a gabana. Ban doke ta ba. Ni da na ce mugu na haifa, da wane hannu zan doke ta?

Me ya sa ba ka gaya mini tun farko ba, ban tambaya ba, na san ka. Ka rufe ne don mu. Ni ma na yarda da sauri don haka ya fi mini sauƙi.

Yaya, ranar suna ina ɗaki ina jin kukansa kana aske shi, ban leƙo ba don kada a ce ba ni da kunya. Ranar da za mu taho Gombe ya biyo mota da gudu, na kau da kai don mata suna kallo. Kunyar nan na biya ta, ta isa. Safiyatu, rubuta yadda na faɗa. Lado. Ɗana Lado. Ka cire masa hular nan.

Ban san ko ya san abin da ya yi ba, kai ma ka ce ba ka sani ba. To kada ka rantse a kan abin da ba ka sani ba, ta kowane gefe. Ka faɗi abin da yatsanka ya taɓa.

Wata magana. Dattawan Maliki sun ji ƙishin-ƙishin. Sun ba Alhaji Na'Allah mai fataucin goro saƙo ya bincika asalinmu in ya sauka Yawunde. Ka san wurin wa za a nuna masa. Abin da za ka gaya wa alƙali shi za ka gaya masa, ba na son baki biyu.

Ma'u

Kawu, ni ce Safiyatu. Inna ba ta san na ƙara wannan ba. Ina son Maliki, ba zan yi maka ƙarya ba, kuma har yanzu ina kuka. Yayana ban san shi ba sai a hoto. Amma na ci masa wata guda, ina tsoron ko na ci masa fiye da haka. Ka yafe mini. In wannan ta iso a makare, ka gaya mini gaskiya, kada ka ce ya warke.

*

Birikiteri, jajiberin shari'a

Ma'u, da ke Safiyatu,

Gaisuwa. Takarda ta iso shekaranjiya, ba ta makara ba. Direban ya ce gada ta karye a hanya, a kwalekwale ya ƙetare da ita cikin hularsa. Allah ya yi masa albarka. Na sa Garga ya karanta wurin sunan nan sau biyu. Shi ma sai da ya cire tabarau.

Alhaji Na'Allah ya zo jiya. Ya zauna kan tabarma ya cire hula, na jiƙa masa kai na fara aski. Da na kai ƙeya ya yi tambayar a hankali, yadda ake yi. Na ce, "Kuturta babu. Sata babu. Kakanni lafiya tun daga Bauci. Amma akwai yaro ɗaya da sa ya fasa wa kai, hankalinsa ya tafi, ya kashe amininsa. Ka zo tiribinal jibi ka ji sauran." Na gama askin. Ya shafa kansa, ya yi godiya, ya tafi. Bai bar goro a kan tabarma ba. Ma'u, kin san abin da wannan ke nufi, maganar auren ta tsaya. Safiyatu, ke ke karantawa, ba zan ce a gaya miki da dabara ba. Ki yi haƙuri, 'yata. Ba ki da laifi a wurina. Watakila Maliki ya fi dattawansa ƙarfin hali, watakila bai fi ba.

Daga nan na nemi afoka da ƙafata. Bai yi mini gori ba. Ya ce mai tuhuma zai ce tsoho ya sauya magana don ya ceci ɗansa, kuma alƙali na iya yarda da shi. Ya ce likitan ma zai iya dubawa ya ce rami a ƙashi ba ya nuna abin da ke zuciya. Na ce ya bar wannan ga Allah, ni dai ya samo mini izinin shiga da aska. Ya samo, a gaban masu gadi.

Da yamma na je wurin Zinariya, don ba na so ta fara ji a bencin tiribinal. Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba. Na faɗa mata duka, har maganar da Ƙasimu ya yi ta tarago. Ta ce ta sani, ita ma ya faɗa mata, ta hana shi bai hanu ba. Ta daɗe tana juya shinkafar. Sannan ta ce, "Ba zan yafe ba, kada ka roƙe ni. Amma ka aske shi tas, sarkin aska, kada ka bar ko sili. Ina so in ga ramin da ɗana ya faɗa."

Na san daga gobe ba mai ƙara zama kan tabarmata ya tambaye ni gidan wane. Za a ce wanda ya rufe nasa ba ya buɗe na wani. Suna da gaskiya. Garga na so ya cire wannan, na ce ya bari.

Gobe in Allah ya kai mu, ina idar da sallar asuba zan rataya zabira. Askar da na yi wa Lado da Ƙasimu askin suna tana nan, na wasa ta ɗazu. Zan tafi a ƙafa ko gwiwa ta so ko ta ƙi. Zan zaunar da shi in jiƙa masa kai, in ya tambaye ni Ƙasimu zan sake gaya masa. Zan gaya masa kuma uwarsa ta kira sunansa. In an kira ni gaban alƙali zan ce a jininmu babu, ko tafinta ya juya ko kada ya juya. Sannan in ce yatsan da na dangwala ya yi ƙarya, ga inda ya kamata in sa shi, in ɗora shi cikin kwarmin nan kowa na gani. In sun tambaye ni wuƙar da ya wanke, zan ce ban sani ba.

Hular kuwa zan ninke ta in sa a zabira in dawo da ita gida.

Yayanki,
Mijinyawa Wanzami